Layi Na Huɗu

Ni ke zana fili.
Ba ni cikin hoton da suka rataye a ofishin wasanni,
amma duk ƙafar da ta yi gudu a jami'ar nan
tsakanin layukana ta bi.

Farar ƙasa ta ƙare tun ran Talata.
Mushe Ma'azu ya ce takardar kuɗin
tana barci bisa teburin wani babba.
Sai na zagaya bayan kicin wurin Laure,
ta cika mini buhu da tokar murhun wake,
ta ce in sun ci kofi
su zo su kankare mata tukwane.

Asubar Asabar, ladanin Ali Ɗan Sofo bai sauke murya ba,
ga ni da igiya, da ƙusa, da gwangwanin tumatir mai huji,
a duƙe, ina tafe kamar mai shukar gujiya.
Motar Damagaram ta kwana bakin ƙofa.
Ƴan Tawa na minshari cikin aji, takalma ne matashinsu.
Na Yamai, an ce, sun kama ɗaki a gari.

Toka ta isa layi huɗu, ba ƙari.
Ina awon na ƙarshe igiya ta tsinke
daidai inda akuyar mai gadi ta tauna.
Na ƙulla, na ja, na kafa ƙusa.
Ƙulli kuwa ba ya zama da yunwa:
ya ci taƙi guda.
Na ga haka. Rana ta taso, gwiwa na ciwo,
na ce wa zai auna bayan tsoho?

Da aka jefa ƙuri'a, layi na huɗu ya faɗo kan namu,
Tsahiru ɗan Tasawa, mai karatun noma,
wanda ke gudu a yashin Gulbi kafin darasi,
takalmi ɗaya suke karɓa-karɓa da Illiya,
yana sa shi da ɗumin ƙafar wani.

Mita ɗari huɗu.
Usur ya tsaga iska.
Ƴan mata na dukan jarka, ƴan kabu-kabu sun hau katanga,
mai lissafi ya manta shi dakta ne, yana tsalle da hula a hannu.
Tsahiru ya sha kwanar farko kamar ruwa ya sami gangare,
ya sha ta biyu,
dogon nan na Damagaram na shaƙar ƙeyarsa.
A bakin zare ƙirji biyu suka iso,
na baƙo ya riga
da abin da bai kai taƙi ba.

Kowa ya yi jimami da baki.
Nawa a ciki ya tsaya, kamar ƙayar kifi.

Bayan magariba na same shi gindin dogon yaro,
yana zare safa, yatsa ya fashe.
Na ce, ɗana, taƙinka yana wurina,
ƙullin igiyata ya cinye shi.
Ya daɗe yana duban yatsan.
Ya ce, Baba Nomau, a kwanar ƙarshe na waiwaya.
Shekara biyu Mushe na hana ni waiwaye.
Na ce ƙulli ne. Ya ce waiwaye ne.
Muka zauna muna jayayya a kan kashi
kamar magada a kan gona.

Da zai tashi ya ce,
baɗi ka tashe ni, in riƙe maka bakin igiya.

Kofi ya bi hanyar gabas cikin mota, ana yi masa waƙa.
Iskar dare ta kwashe layukan, dama toka ce.
Da safe Laure ta leƙo bayan kicin
ta tarar da mu biyu, hannu cikin tukunya,
ba wanda ya ci komai,
muna kankara.